Kai wa Dattawa Abinci Har Gida: Abin Koyi Daga Ƙasashen Waje

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. Mun saba a irin wannan taro mu tattauna batun rijiyoyin burtsatse da gyaran azuzuwa da magudanan ruwa. Yau kuwa muna so mu ja hankalinmu ga waɗanda ba su samu zuwa wannan fili ba, wato tsofaffin da ƙafa ta yi musu nauyi, ido ya dushe, suna zaune a ɗakunansu yayin da 'ya'yansu suke Kano da Kaduna da Abuja da Legas wajen neman abinci. Tambayarmu ita ce: wa yake kai musu kwano, kuma wa yake leƙa su kullum?

Wasu ƙasashe sun riga mu fuskantar wannan matsala, don haka ya kyautu mu ji yadda suka ɓullo mata. A Ingila, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus sun yi wa Landan da wasu birane ruwan bama-bamai a 1940 da 1941, har dubban mutane suka rasa gidaje da wurin girki. Wata ƙungiyar mata 'yan sa-kai da aka kafa a 1938 ta ɗauki nauyin dafa abinci tana kai musu. Daga nan aikin ya koma kan tsofaffin da ba sa iya fita, har wasu matan sukan jera kwanuka a keken tura jarirai, su lulluɓe su don kada su huce. Wannan shi ne asalin shirin da ake kira Meals on Wheels, wato abinci bisa taya.

A 1954 wata mace mai suna Doris Taylor ta buɗe ɗakin girki na irin wannan shiri a Port Adelaide ta ƙasar Ostireliya. Ita kanta naƙasasshiya ce tun ƙuruciya, a keken guragu take yawo, amma hakan bai hana ta tara jama'a ba. A wannan shekarar ce kuma aka fara shi a birnin Filadelfiya na Amurka, inda ɗaliban sakandare suka shiga cikin masu dafawa da kaiwa. Gwamnatin Amurka ta yi dokar kula da tsofaffi a 1965, ta ƙara mata sashen ciyarwa a 1972. A ƙarƙashin wannan doka ana ciyar da masu shekara 60 zuwa sama, an kuma ƙayyade cewa kowane kwano ya ƙunshi aƙalla sulusin abin da jikin tsoho yake buƙata a yini.

Jama'a, ga inda muke so a saurara da kyau. A 2015 masana na Jami'ar Brown ta Amurka sun fitar da sakamakon wani bincike, inda suka kwatanta tsofaffin da ake kai wa abinci mai zafi kullum, da waɗanda ake tara wa na mako guda su ajiye a firji, da waɗanda suke jiran a sa su cikin shirin. Waɗanda ake zuwa wurinsu kullum su ne suka fi bayyana cewa kaɗaici ya ragu musu. Dalilin a fili yake. Mai kawo kwano yakan ƙwanƙwasa ƙofa, ya gaisa, ya ga fuskar tsoho. Idan bai ji motsi ba sai ya sanar, a zo a duba ko faɗuwa ya yi ko ciwo ne ya kwantar da shi. Ashe sallamar da ke tafe da kwanon ita ce rabin aikin.

Wani zai ce mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Gaskiya ne, kuma don gudun hakan ne su ma suka riƙe wannan shiri: tsoho ya ƙare kwanakinsa a ɗakinsa, kusa da maƙwabtan da ya sani. Bugu da ƙari, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun tashi mun tarar da ciyayya, inda magidanta suke fito da akusansu ƙofar gida bayan magariba, yara kuma suna kai kwano gidan Inna wance da Baba wane. Abin da ya sauya shi ne babban gida ya watse, kowa ya ja katangarsa, tsadar hatsi kuma ta sa kwanon maƙwabci ya daina fita. 'Ya'ya suna turo kuɗi ta waya, Allah ya saka musu, amma kuɗi ba ya tuƙa tuwo, ba ya ɗebo ruwa a rijiya. Shi ya sa magabata suka ce zumunci a ƙafa take.

Haka kuma kada mu zauna jiran gwamnati. A Nijeriya an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, kuma muna maraba da su. Sai dai a Ingila kanta, inda aka haifi shirin, ƙananan hukumomi da yawa sun daina shi bayan da aka rage musu kuɗi. Abin da ya rataya a wuyan hukuma kaɗai, ranar da kasafi ya gaza sai ya faɗi. Saboda haka muna ba ƙungiya waɗannan shawarwari.

Na farko, a yi rajista. Mu da muka yi aikin malanta mun san cewa ba a gane yaron da bai zo ba sai an kira suna. Masu unguwanni da iyayenmu mata su taimaka a rubuta kowane tsoho da ba shi da mai dafa masa, da irin lalurarsa, da lambar wayar ɗansa ko ɗan'uwansa.

Na biyu, a fara da unguwa ɗaya da kwano ɗaya a yini, amma kada a yi fashi. Gara kaɗan mai ɗorewa da gagarumin rabo na rana ɗaya. A ɗauki mata biyu ko uku masu tsabta su riƙa girki, a biya su haƙƙinsu.

Na uku, abincin ya dace da haƙori da cikin tsoho: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fate, alale, kunun gyaɗa, dafaffen zogale. A nemi shawarar ma'aikatan asibitinmu game da masu hawan jini da ciwon suga, domin a san inda za a rage gishiri da zaƙi.

Na huɗu, a koya wa matasan da za su riƙa kaiwa cewa kada su ajiye kwano su juya. Su yi sallama, su jira amsa, su duba randa ko da ruwa, su tambayi ko an sha magani, sannan su sanar da duk abin da suka gani wanda bai yi musu daɗi ba.

Na biyar, a kiyaye mutuncin iyayenmu. Dattijon da ya ciyar da gida shekara arba'in ya gwammace ya kwana da yunwa da a mai da shi mabaraci. Kada a ɗauki hotonsa a watsa a waya. A kira abin ciyayya, mai hali kuma a bar shi ya bayar da abin da ya sawwaƙa, kamar yadda ake karɓar gudummawar ganin dama a Amurka.

Na shida, a buɗe asusu na musamman da 'yan'uwanmu na birane za su riƙa zuba wani abu duk wata, manoma su kawo nasu tiya-tiya da kaka, a kuma karanta lissafin a gaban wannan taro kowace shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, yawancinmu da muke zaune a sahun gaba furfura ta riga ta kama mu. Rajistar da za mu buɗe bana, wata rana sunayenmu ne za a karanta a cikinta. Muna roƙon shugaba ya naɗa kwamitin wannan aiki kafin a tashi daga taron nan, domin baɗi war haka mu ji adadin ƙofofin da aka ƙwanƙwasa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.