Kafin Ka Biya Kuɗin Kyanwa, Nemi Ganin Uwarta

 

An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai gane mai kiwon kyanwa na ƙwarai, da yadda zai kula da lafiyar 'yar kyanwa idan ya kai ta gida. Na san akwai dattijon da zai ce a ransa, yau kuma mage ce ta zama abin saye? Yana da hujja. A gidajen da muka tashi, ta maƙwabta ce za ta haihu a bayan rumbu, a aiki yaro ya ɗauko ɗaya, iyakarta godiya. Amma yau a Kano da Kaduna da Abuja ana tallar kyanwar Farisa mai dogon gashi a Instagram da WhatsApp, a tura kuɗi, a sako ta cikin kwali a ba direban mota. Malamai sun yi magana a kan cinikin kansa. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya zo da hani game da kuɗin kyanwa, jumhurun malamai kuma sun halatta sayar da wadda ake amfana da ita. Wannan fagensu ne, na bar musu. Wanda kowa a ɗakin nan ya sani shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Da wannan nauyin nake so mu saurari abin da zai biyo baya.

Yawancin lafiyar 'yar kyanwa a gidan da aka haife ta ake gina ta, ko a ɓata ta, tun mai saye bai taɓa ganinta ba. Don haka kada ku yi cinikin biri a sama. Ku je gidan da ƙafarku, ku ce a nuna muku uwar tare da 'ya'yanta.

Idan kun shiga, ku ba hancinku dama kafin idonku. Ɗakin da warin fitsari ya cika, mai keji a kan keji, ya riga ya ba ku labarin mai shi. Sannan ku dubi uwar. Gashinta na sheƙi ko ya dunƙule? Tana zuwa wurin mai gidan ko tana gudunsa? Ku ɗauki 'yar a hannu. Ido ya kasance garau babu kwantsa, hanci babu majina. Ku leƙa kunne: idan kun ga baƙin datti kamar garin gawayi, akwai ƙananan ƙwari a ciki. Ku ɗaga leɓe, dasashi ya zama ja-ja mai haske. Idan ya yi fari, jini ya yi ƙaranci, kuma sau da yawa ƙuma ce ko tsutsar ciki ta jawo. Ku ɗaga wutsiya ku ga ko akwai alamar zawo. Ku bi gashin da yatsa, musamman fuska da kunnuwa, ku nemi wurin da ya tsige ya yi da'ira. Makero ke nan, yana yawaita a masu dogon gashi, kuma yana kama yaran gida.

Wanda ya ce ku haɗu a gidan mai, ko ya ce uwar tana wani gari, yawanci dillali ne, bai san cikin da 'yar ta fito ba. A Ingila abin ya yi ƙamari har aka kafa doka a 2020, wadda ake kira Dokar Lucy, ta hana ɗan tsakiya sayar da ɗan kare ko 'yar kyanwa da ba su kai wata shida ba. A wurinmu mai saye ne zai tsare wannan ƙofa da kansa.

Batun shekaru, ko in ce makonni, nan aka fi cutar mutane. Ƙarama ta fi kyau a hoto, ta fi saurin shiga kasuwa, shi ya sa ake raba ta da nono tana wata ɗaya. Kada a raba ta da uwa kafin mako 8, kuma hukumar rajistar kyanwowi ta Birtaniya, GCCF, wadda aka kafa tun 1910, mako 13 take ba masu kiwo shawara. Dakashin da 'yar ta sha a ranar farko shi ne garkuwarta na makonni. Tsakanin mako 2 da na 7 take koyon sabo da hannun mutum, a wajen uwa da 'yan uwa kuma take koyon cizon wasa da ba ya fasa fata. Wadda aka cire da wuri ita ce ke girma da tsoro da yaƙushi, a ce ta yi mugun hali. Akwai hanyoyi biyu na kama ƙaryar makonni. Kowace 'yar kyanwa da shuɗin ido take buɗe ido, sai wajen mako 6 zuwa 7 launin gaskiya ke fara fitowa, to ku yi hattara da tallar "mai shuɗin ido" a kan jaririya. Na biyu, sikeli. Ana haifarta da kimanin giram 100, tana ƙara wajen giram 100 kowane mako. Wadda aka ce ta cika wata biyu amma ba ta kai rabin kilo ba, ko dai ba ta cika ba, ko ba ta da lafiya.

Yanzu ga abin da ido ba ya gani, kuma nan zan ɗan daɗe. Kyanwar Farisa tana da ciwon gado na ƙoda, inda ƙananan ƙulli masu ruwa ke tsirowa a ciki suna girma a hankali har ƙodar ta gaza. 'Yar tana wasa lafiya ƙalau, sai bayan shekaru, sau da yawa wajen shekara 7, ta fara yawan shan ruwa da fitsari, tana ramewa. A 2004 Leslie Lyons da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, kuma binciken wancan lokaci ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan jinsi na ɗauke da ita. Ya isa uba kaɗai ko uwa kaɗai su kasance da ita, kowane ɗa na da rabin yiwuwar gada. Ana gano ciwon ta gwajin ƙwayar gado, ko ta hoton ciki idan kyanwa ta kai wata 10. To ku tambayi mai kiwo: an duba ƙodar uwar da ta muzurun? Ku kuma tambayi dangantakar su biyun, domin inda iri ya yi kaɗan, haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa abu ne mai sauƙin faruwa, kuma da haka ciwon gado ke taruwa.

Ina roƙonku ku guji mai fuskar da ta lotse ƙwarai. Hancin da aka matse yana wahalar da numfashi, hawaye ba ya samun hanya sai ya zubo a fuska. Ku ɗora wannan a kan dogon gashi da zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake wuce digiri 40, ga wuta ba tabbas. Haka mai naɗaɗɗen kunne ta Sikotilan. Asalinta wata farar kyanwa ce da aka samu a gona a 1961, kuma lahanin guringuntsin da ya naɗe kunnen shi ne ke lalata gaɓoɓin ƙafa da wutsiya. Abin da ake biya da tsada a jikinta ciwo ne. Muddin muna saye, za a ci gaba da haifar da su. Magen gidanmu kuwa, mai gajeren gashi, jikar kyanwar dajin Afirka ce kamar kowace kyanwar gida a duniya, ta saba da zafinmu, kuma ta cancanci kulawa iri ɗaya.

Mai kiwo na gari za ku ga shi ma yana yi muku tambayoyi: akwai yara ƙanana, wa zai kula da ita idan kun yi tafiya? Zai ba ku katin rigakafi mai kwanan wata da sa hannun likita, ya gaya muku abincin da ta saba da shi, ya yarda ku kai ta asibiti a duba kafin ciniki ya faɗa.

Kun kawo ta gida. Ku ware mata ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki, da ruwa, da roba mai faɗi cike da yashi nesa da kwanon abinci. A kwashe kashin kullum, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki saboda cutar toksofilasma da ke iya taɓa ɗan tayi. Allurar rigakafi ta farko ana yin ta a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. Tana kare ta daga murar kyanwa iri biyu da kuma fanlukofeniya, cutar amai da zawo mai kashe ƙanana cikin kwanaki, wadda ƙwayarta ke iya shekara a ɗaki. Daga mako 12 sai allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kare ne babban mai yaɗa shi, amma kyanwa na kamuwa tana kuma bayarwa. Wanda dabbar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Maganin tsutsa kuma a bar likita ya auna shi da nauyinta.

Abinci. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya ba za su riƙe ta ba. A 1987 aka tabbatar cewa rashin sinadarin tawurin, wanda ke cikin nama, yana raunana zuciyarta. Yana kuma lalata ido. Madarar shanu tana sa yawancinsu zawo. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta, kun kuwa san babu miyarmu da ba su.

Iyayena mata, wannan taku ce, domin ku ne masu tausayin da ke kai hannu ga magani. Kada a ba kyanwa farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Kada a shafa mata maganin ƙuma da kaska na kare, da yawansu na da fametirin, wanda ke sa ta karkarwa da farfaɗiya. Idan za a fesa fiya-fiya a fitar da ita, maganin ɓera kuma a sani tana iya cin ɓeran da ya ci shi.

Macen na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan kimanin kwana 65. Idan ba kiwo kuka nufa ba, ku yi magana da likita a kan aikin hana haihuwa kafin lokacin. Namijin ma dandaƙa na rage masa yawo da faɗa da fesa fitsari.

'Yar kyanwar da ta yini ba ta ci ba, ko ta haɗa amai da zawo, ko take numfashi baki buɗe, ba a kwana da ita ana jira, domin ƙaramin jiki ba ya jure rashin ruwa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai asibitocin dabbobi na jihohi. Ku nemi lambar likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya tun ranar da kuka yanke shawarar ɗaukar ta.