LAMBAR YABON ASIBITI: WA YA AUNA, ME YA AUNA?

Iyayenmu maza da mata, manoma da makiyaya, samari da 'yan mata, ina roƙon ku ara mini kunnuwanku.

Zaɓe ya gabato, kun kuwa san abin da kan biyo baya. 'Yan takara za su shigo garuruwanku da hotuna, su nuna muku wani babban mutum riƙe da garkuwa ko kofi, su ce asibitin yankinku ya ci lambar yabo ta ƙasa, wai ya zo na ɗaya ko na biyu. Yabon gwani ya zama dole, ba mu ƙi ba. Amma kafin ku tafa, ku yi tambaya biyu: wa ya auna asibitin, kuma me ya auna?

Ni da na riƙe alli na sani, yaro ba ya zuwa na ɗaya sai an yi jarrabawa an duba takardarsa. To, haka asibiti yake, shi ma yana da masu duba shi. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kafa hukumar SERVICOM, wadda ma'aikatanta kan shiga ofisoshi da asibitocin gwamnati su ga daɗewar da mutane ke yi a layi, da irin karɓar da ake yi musu, da inda za su kai kuka. Akwai kuma ma'aunin SafeCare da aka fara a 2011, mai hawa biyar, inda akan duba tsabta, da ajiyar magani, da rubuta bayanin kowane majiyyaci. Lambar da ta fito daga irin wannan awo tana da nauyi. Wadda kuwa aka miƙa a wajen liyafa a otal, ba wanda ya leƙa ɗakin haihuwa, wannan adon bango ce.

Bari in ba ku misalin girman da aiki ya jawo. Kun san Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. Da can asibitin kutare ne. A 1983 wani likita mutumin Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a wurin. Sai ya tarar da mata masu yoyon fitsari, waɗanda mazansu suka saka, dangi suka guje su. A 1984 ya fara yi musu aiki. Ya riƙa rubuta bayanin duk matar da ya yi wa, ya kuma koyar da likitoci da nas-nas na ƙasar nan. Mata dubbai suka warke suka koma gida, labari ya bazu har Nijar. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta ɗaga asibitin ya zama cibiyar ƙasa ta maganin yoyon fitsari, irin ta Abakaliki da ta Ningi. Kun ga, matan ƙauye ne suka fara ba Babbar Ruga lambarta, gwamnati daga baya ta zo.

Sai dai ku lura da kyau. Me ke kawo yoyon fitsari? Galibi doguwar naƙuda ce. Mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, kan jariri ya tokare, ba ungozoma ƙwararriya kusa, ba motar da za ta kai ta inda za a yi mata fiɗa. Watau duk matar da ta isa Babbar Ruga, akwai ƙaramin asibitin da ya kamata ya cece ta tun farko. Saboda haka in an ce babban asibitin birni ya ci kofi, ku tambayi halin ɗakin shan maganin da ke gundumarku.

Kada wani ya ce muku alfarma ake yi muku. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin kiwon lafiya. A 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiyar talaka tun daga ƙananan asibitoci, a sayi magani, a gyara gini, a horar da ma'aikata. Ta ce kowane asibiti sai ya mallaki takardar shaidar inganci. Ta kuma hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya ƙi, tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

To, ga jarrabawar da za ku yi wa duk ɗan takarar da ya zo muku da hoton garkuwa. In naƙuda ta tashi da tsakar dare, akwai ungozoma a bakin aiki? Maganin zazzaɓi da na saran maciji suna cikin asibitin, ko takarda ake ba ku a ce ku je kanti? Akwai ruwa da wuta a ɗakin haihuwa? In abu ya gagara, akwai motar asibiti mai mai a ciki, da hanyar da za ta bi da damina? Ku ce ya amsa a gaban mai gari da liman, a rubuta, a ajiye.

Ɗan takararmu ma kada ku ɗaga masa ƙafa, ku yi masa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, kowa da katinsa. Ku jefa wa wanda ya ci jarrabawarku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sauki matanmu lafiya. Amin.