Sai Bango Ya Tsage: Jawabi Kan Tsaron Burauza a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da kusan kowa a zauren nan yake ɗauke da shi cikin aljihu, watau burauza. Ina neman izinin malamaina, domin yau ɗalibi ne zai tsaya a gaban allo.

Burauza ita ce manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome, Opera Mini, Firefox, Safari da Edge. Ta cikinta yaranmu suke duba sakamakon WAEC da NECO, matasanmu suke cike fom na neman aiki, wasunmu kuma suke shiga asusunsu na banki. Ke nan sunanmu, lambarmu ta NIN, kalmar sirrinmu da kuɗinmu duk ta wannan ƙofa suke wucewa.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, duk lokacin da muka buɗe shafi, burauza tana karɓo umarni daga kwamfutar wani mutum da ba mu sani ba, ta aiwatar da shi a cikin na'urarmu. Masu ƙera ta sun san haɗarin wannan, saboda haka suka yi mata tsari irin na zauren gida: baƙo ya tsaya a zaure, ba ya ƙetarawa cikin gida. To, amma mutane ne suka rubuta manhajar nan, layi miliyoyi, kuma ɗan Adam ajizi ne. Kuskure ɗaya ya isa ya bar ɓaraka a bangon zauren. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan matsala ta daɗe. A shekarar 1995, wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka gano cewa ana iya cankar makullin da burauzar Netscape take kulle bayanan mutane da shi. A watan Janairun 2010, kamfanin Google ya bayyana cewa an yi masa kutse, kuma bincike ya nuna an yi amfani da wata ɓaraka a Internet Explorer. Lamarin ya kai ga hukumomin Jamus da Faransa sun shawarci jama'arsu su kauce wa wannan burauza har a gyara ta. A watan Satumban 2023 kuma aka gano wata ɓaraka a yadda ake buɗe wani nau'in hoto mai suna WebP, ta shafi Chrome, Firefox, Edge da wasunsu gaba ɗaya. A irin wannan, ba sai mutum ya sauke komai ba. Buɗe shafin da aka ɗana hoton a kai kawai yana iya isa.

Kada mu ce wannan labarin Turai ne. A shekarar 2022, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a game da wasu ƙananan manhajoji biyar da ake liƙa wa Chrome, waɗanda kamfanin McAfee ya gano suna bin diddigin shafukan da mutum yake ziyarta a ɓoye. An sauke su fiye da sau miliyan 1.4 a duniya. Har ila yau, a 2024, hukumar NITDA ta yi kira ga 'yan Nijeriya su gaggauta sabunta Chrome saboda wata ɓaraka da masu kutse suka riga suka fara amfani da ita. Kamfanin Microsoft ya danganta wannan aiki da wani gungu na Koriya ta Arewa mai farautar kuɗin kirifto.

Jama'a, ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. A duk waɗannan misalai, kamfanonin sun ɗauki mataki, ko dai su fito da gyara ko su cire abin da ya ɓaci. Amma ranar da aka sanar da gyara, ranar ce ɓarayin duniya suke sanin inda bangon ya tsage. Daga nan sai su bazama neman waɗanda ba su liƙe nasu ba. Wanda ya tashi a Rido yana kallon matatar man Kaduna ba ya bukatar a gaya masa abin da ke faruwa da inji idan lokacin gyara ya yi aka ɗaga. 'Yan'uwanmu da suka yi aiki a can sun fi ni sani.

Mu kuwa a nan muna da dalilai biyu da ke sa mu jinkiri. Na farko tsadar data: mutum yakan kashe sabuntawa don kada ta cinye masa kuɗi. Na biyu tsofaffin na'urori, musamman kwamfutoci 'yan gwanjo. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome kuma ta daina fitowa da sabon zubi a kanta tun farkon 2023. Internet Explorer ma an yi mata ritaya a watan Yunin 2022. Irin waɗannan na'urori suna kunnuwa lafiya lau, shafi yana buɗewa, amma ɓarakar da aka gano daga baya tana nan a buɗe.

Saboda haka ina ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, a sabunta burauza. A wayar Android a shiga Play Store a sabunta ta. A kwamfuta, a latsa ɗigo ukun da ke kusurwar sama ta dama a Chrome, a shiga Settings, sannan About Chrome. Bayan an gama a rufe ta a sake buɗewa, domin gyaran ba ya fara aiki sai an yi haka. Kuɗin datar da za a kashe bai kai abin da ke cikin asusu ba.

Na biyu, idan wani shafi ya faɗo da gargaɗi cewa wayarka ta kamu da ƙwayar cuta, ko ka latsa nan don sabuntawa, a rufe shi. Gyara na gaskiya ba ya zuwa ta wannan hanya.

Na uku, a duba ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza. Duk wadda ba ka san ranar da ta shigo ba, ko ba ka amfani da ita, cire ta.

Na huɗu, a karanta adireshin shafi da kyau kafin a rubuta kalmar sirri. Alamar kwado da muka saba gani tana nuna cewa hanyar a kulle take, ba ta shaidar mai shafin mutumin kirki ne. Saboda wannan ruɗani ne Chrome ta canza alamar a 2023. Lambar da banki yake turowa ta waya kuma, ba a ba kowa, ko da ya ce daga bankin yake.

Na biyar, a shagon kwamfuta kada a shiga asusun banki. In ya zama dole a buɗe imel, kada a yarda burauza ta ajiye kalmar sirri, kuma a fita daga asusun kafin a tashi.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga wannan ƙungiya. Duk lokacin da za mu taimaka wa makarantarmu da kwamfutoci, mu tabbatar suna iya ɗaukar manhajar da har yanzu ake gyarawa, mu ware kuɗin data don sabunta su, mu kuma sa mutum biyu daga cikinmu su riƙa zuwa kowane zangon karatu suna dubawa tare da malamin da ke kula da ɗakin. Iyayenmu da malamanmu da suka yi ritaya, waɗanda fanshonsu ke shiga ta waya, kowa ya ɗauki nauyin duba wa na kusa da shi. Ni ma ina nan bayan taro, duk mai so ya kawo wayarsa mu duba tare.