Begen gida: yaron ƙauye a lakwal ɗin birni

Jawabin da za a karanta a cibiyoyin yaƙi da jahilci



Maganar yau ta ɗiyanku ce, waɗanda suka gama shekara shida a lakwal ɗin gari, suka samu wucewa kwaleji. Ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. Saboda haka kowace shekara, in watan Oktoba ya kama, ana ɗaure wa yara ƴan shekara 12 ko 13 kayansu, a kai su Maradi, ko Tasawa, ko Madawa, ko Mirya, a danƙa su hannun wani ɗan uwa. Karatun kwaleji shekara huɗu ne kafin jarrabawar BEPC. Amma sau da yawa ba tsawon shekarun ke kayar da yaro ba. Wata biyun farko ke kayar da shi.

Abin da ke kama shi kowa ya san shi: begen gida. Duk wanda ya taɓa zuwa cin rani Kano ko Abijan ya ɗanɗana shi, ga shi kuwa babba ne mai gemu. To, ina ga yaro? Sai a ga ya daina cin tuwo. Ya yi shiru kamar an ɗinke masa baki. Wani ya ce cikinsa na ciwo kowace safiya. Wani ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun da daɗewa. Mai masauki ya ce yaron nan rago ne. Mushe ya ce ba ya da kai. A kai wa uban labari, shi kuma ya ce: tun da karatun bai karɓe shi ba, ya dawo ya kama kiwo.

Kafin a ci gaba, a yi hattara da abu guda. Oktoba lokacin masassarar cizon sauro ne. In jikin yaro ya yi zafi, kada a ce begen gida ne. A kai shi likita a ranar. Amma in an duba an ga lafiyarsa lau, to ciwon a zuciya yake, maganinsa kuma ba allura ba ce, ba bulala ba ce.

Irin wannan yaro akwai shi a kowane gari. Ga misali ɗaya. A kira shi Auta, tun da shi ne autan uwarsa.

Auta ɗan wani ƙauye ne na bakin Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi, inda goriba ta yi yawa. Tun yana ƙarami yake bin awaki. Ya san inda magariya ke fara nuna. Ya san iccen da akuya ke so da wanda take ƙi. Da ya gama lakwal ɗin garinsu, aka kai shi Maradi gidan kawunsa, mai gyaran babur. Kawu mutumin kirki ne, amma da asuba yake fita, sai dare. Tsakar gidan duk siminti, babu icce ko ɗaya. A kwaleji aji cike maƙil. Kowane darasi da nasa mushe, kuma babu wanda ya san ubansa a cikinsu. In ya buɗe baki, yaran birni su yi dariyar maganarsa, su ce baƙauye. Sai ya rufe bakin. In an tashi, ba ya nufar gida. Tasha yake zuwa, inda motocin Mayahi ke lodi, ya tsaya yana duban fuskoki ko zai ga ɗan garinsu.

A bayan azuzuwa, jikin katanga, akwai wani fili da yara ba su cika zuwa ba. Can Auta yake ɓuya lokacin shan iska. An dasa dogon yaro a wurin ranar 3 ga Agusta. Kun san tun 1975 ake haɗa sallar samun ƴancin kai da dashen itatuwa a wannan rana. Al'ada ce mai kyau, sai dai ga cikas: ranar tana faɗawa tsakiyar babban hutu. A dasa, a yi tafi, kowa ya watse. Kafin a koma lakwal, awakin unguwa sun gama da rabi. Haka Auta ya tarar da su, sanduna tsaye babu ganye.

Amma kusa da su akwai wani tsohon kututturen gawo. Kowace shekara mai gadi yana sare tohonsa in yana share fili, kowace shekara kuma yana sake tohowa. Da Auta ya gan shi sai ya durƙusa. Wannan shi ne abu na farko a duk birnin Maradi da ya ji ya san shi ciki da waje. Kashegari ya je wurin mai gadi ya ce: "Baba, don Allah ara mini addarka." Ya zaɓi rassa uku masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ya sare sauran. Ya rage ƙananan rassan ƙasa. Ya samo ƙaya ya kewaye wurin.

Yana cikin aikin sai ga mushen ilimin halittu. Auta ya miƙe jikinsa na rawa, yana tsammanin duka.

Mushe ya ce: "Kai yaro, wa ya koya maka wannan?"

Ya ce: "Babana, Mushe. Haka muke yi a gonarmu."

"Don me ka bar uku, ba ɗaya ba?"

"In iska ta karya ɗaya, akuya ta ci ɗaya, da saura."

Da yawa daga cikinku sun gane aikin. Sassabin zamani ke nan. A nan ƙasar Maradi ya kafu, daga 1983, lokacin da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sarewa a gonaki ba ciyawa ba ne. Itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na da rai a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka kama abin, maƙwabci ya koya daga maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Toho mai tsohuwar saiwa ya fi sabon dashe saurin girma, don ya riga ya kai inda ruwa yake. Mushe ya karanta duk wannan a takarda. Yaron da ake ce wa ba ya da kai, shi a hannunsa abin yake.

Abin da mushen ya yi ba babba ba ne, bai kuma ci kuɗi ba. Ya ba shi sabon kaye. Ya ce: "Daga gidan kawunka zuwa nan, duk iccen da ka gani rubuta sunansa da Hausa, da amfaninsa. Ranar Juma'a ka kawo, mu sa Faransancin tare." Auta ya fara: dogon yaro, bagaruwa, aduwa, tsamiya, zogale. Hanyar da yake bi kansa a sunkuye, yanzu yana bin ta kansa a sama. Ya gano ashe birni ma da itatuwansa. Ya canza hanya don ya ƙara samun sababbi, ta haka ya san unguwanni. Shafin farko da ya cika da Faransanci tun zuwansa, kan gawo ya rubuta shi: yadda yake zubar da ganye da damana, lokacin da kowane icce ke kore; yadda yake fitar da sabon ganye in ruwa ya ɗauke; yadda hatsi ke yin kyau a ƙarƙashinsa; yadda ƴaƴansa ke riƙe dabbobi da rani. Kurakurai sun yi yawa a shafin. Amma maganar da ke ciki gaskiya ce, kuma tasa ce.

Wata Asabar mushe ya kai ajin duka ƙasan gari, cikin gulbin Maradi, inda garake suke. Ya sa Auta gaba. Nan aka ga abin dariya. Yaran birni sun san magariya a farantin mai talla, amma ba su san iccenta ba. Sun sha goriba, ba su san kabar da ake saƙa tabarmar gidansu ganyen ƙaramar goriba ce ba. Suka dinga kira: "Auta, wannan fa? Wannan ana ci?" Daga ranar ya samu abokai biyu. Biyu sun isa.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin sa. A satin da ya baro gida, shamuwar garinsu ma ta fara tashi, sheƙunan suka koma wayam. Ya tambayi mushe ina take zuwa. Mushe ya buɗe taswirar Afirka, ya aza yatsa kan Nijar, ya ja shi ƙasa har Tanzaniya, da Zambiya, da Zimbabuwe. Ya ce can damanarsu ke farawa in tamu ta ƙare, shamuwa kuma fara da tsutsa take bi. In bazara ta yi, wajen Afrilu ko Mayu, sai ta dawo ta yi sheƙa a nan. Auta ya yi lissafi. Ya ga in shamuwa ta dawo, babban hutu ya kusa ke nan.

Wannan lissafi ya fi yadda ake zato muhimmanci. Yaron ƙauye ba da kalanda yake ƙirga lokaci ba. Da kaka yake ƙirgawa, da ɗari, da nunar magariya, da zuwan tsuntsaye. In aka jefa shi tsakanin bango huɗu, sai ya ga kwanaki ba su tafiya, kamar ba za a taɓa komawa gida ba. Amma in yana da abin da yake dubawa yana girma, to ya san lokaci na tafiya.

Ana cikin haka, labarin da kawu ya aika tun farko ya isa ƙauye: yaro ba ya ci, ba ya magana. Kakarsa ta tayar da hankali. Ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, a dawo mata da jikanta. Bayan an gama ɗaurin hatsi uban ya hau mota da niyyar ɗauko shi. Da suka gaisa, Auta ya ce: "Baba, zo ka ga gawona." Ya ja shi bayan katanga. Uban ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce: "Zaɓin ya yi. Amma saran bai yi ba. Ba na ce maka daga ƙasa zuwa sama ake sara ba, don kada ɓawon ya yage?" Ya karɓi addar mai gadi ya gyara. Da yamma ya koma gida shi kaɗai.

Kada a ce komi ya gyaru a rana ɗaya. Auta ya ci gaba da kuka wani dare. Lissafi ya ci gaba da ba shi wuya. Amma ya daina zuwa tasha, kuma ya gama shekararsa.

Yanzu ga maganar da ba ta da daɗi. Icce ba ya cika ciki. Akwai uban da zai kai yaro birni hannu rabbana, babu tiya ɗaya ta hatsi, shekara ta ƙare bai leƙa ba. Mai masauki shi ma da nasa bakunan. Daga nan yaro ya zama ɗan aike, ya je aji da yunwa. Wannan ba begen gida ba ne, sakaci ne, kuma babu gawon da zai yi maganinsa. A aika da hatsi, da wake, da ɗan kuɗin sabulu, gwargwadon hali.

Ta ƴan mata ta fi tsanani. Namiji yana fita ya ga gari. Ita daga aji sai daka, sai wanki, sai goyon ɗan uwar ɗaki. In ta yi kuka sau biyu a ce a dawo da ita, daga dawowa sai maganar aure. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fito da doka ta kare karatun ƴan mata, amma doka ba ta shiga tsakar gida ta ga wanda ke daka. Alhali yarinyar ƙauye ta san daji kamar ɗan uwanta. Ita ke bin kakarta ɗibar tafasa da yaɗiya da jiga. A ba ta taki biyu a gefen tsakar gida, inda ruwan alwala ke zuba, ta shuka zogale ko yakuwa. In duk siminti ne, tsohuwar tukunya ma ta isa. Uwar gida ce za ta fara cin riba a miya.

Saura naku, ku da kuke zaune a nan da kaye da bik. Akwai wayar salula, gaskiya ne, a kira su. Amma magana ta waya tana ƙarewa tare da kuɗin da ke ciki. Takarda kuwa yaro na ninke ta ya sa aljihu, ya karanta ta sau goma. Kuma in ya ga rubutun uwarsa, wadda ya bari ba ta san baƙi ko ɗaya ba, zai san ba shi kaɗai ke fama da karatu ba.

Kada a rubuta masa: "Kakarka na kuka kullum." Wannan kira ne na ya gudo. A rubuta masa abin da yake son ji: dami nawa aka samu a gonar gabas, jar akuya ta haifi biyu, aduwar bakin rijiya ta yi ƴaƴa. A tambaye shi wane icce ya gani can da babu shi a nan. A ƙulla masa ƴan goriba da magariya cikin saƙon, har da na rabawa abokai. Layi biyar sun isa. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ya kawo takardarsa gobe, malamin cibiya zai duba masa kafin direban ranar kasuwa ya tashi.