Kafin A Kira Dillali: Jawabi A Taronmu Na Shekara-Shekara

Mai girma shugaban taro, malamanmu masu daraja, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai.

An umarce ni da in ce wani abu a kan neman gida, ganin cewa da yawanmu sun kusa cika shekara 35 a bakin aiki, suna jiran kuɗin sallama. Wannan kuɗi sau ɗaya ake karɓarsa, don haka sau ɗaya ake kashe shi. Shawarata ita ce, kafin mutum ya kira dillali, ya zauna da iyalinsa, su ɗauki takarda su raba ta biyu: abin da ya zama dole, da abin da yake son rai ne kawai. Dillali la'adarsa yake nema. Wanda ya je masa ba da takarda ba, gidan da ke hannun dillali zai saya, ba wanda yake bukata ba.

A ɓangaren dole, sai a fara da abin da kuɗi ba zai gyara ba bayan an tare. Na farko shi ne wuri. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gida mai araha a bayan gari yana iya cinye rarar a kuɗin mota. A ƙiyasta nisan makarantar yara, asibiti, kasuwa da masallaci.

Na biyu, ruwa: wanda ake sha da wanda ke cin gida. A tambaya ko famfo na zuwa, ko rijiya na ƙafewa da bazara, ko kuwa kullum sai 'yan garuwa. Sannan a je unguwar a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama, a dubi magudanai da gindin bango. Mun ga abin da ɓallewar madatsar Bagauda ta yi a Jihar Kano a 1988, da na Alau a Maiduguri a 2024. Gidan da aka gina a bakin kududdufi ko kan hanyar ruwa, fenti ba ya cetonsa.

Na uku, takarda. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar shaidar mallaka yana bukatar amincewarsa. A bincika a ma'aikatar filaye, a ji ta bakin mai unguwa. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu.

Na huɗu, maƙwabta, domin bango ake iya sakewa, ba mutumin da ke bayansa ba.

Bayan waɗannan sai a ƙidaya ɗakuna. Samari da 'yan mata ba sa kwana ɗaki ɗaya. Mai mata biyu ya tuna da adalci. Mai tsohuwa a gida ya tuna gwiwarta kafin ya yi sha'awar bene, ya kuma tuna tasa nan da shekara 10. Uwargida ita ta san girman madafi da tsakar gidan da za su ishe ta, don haka a saurare ta.

Tayil, silin da ƙofar gilashi kuwa, su jira a ɓangaren son rai. Ana iya yin su a hankali.

Allah Ya ba mu matsuguni mai albarka, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.