Jawabi Kan Kai Yara Yawon Kwale-kwale da Kwanan Tanti

 

An ɗora mana nauyin duba shawarar da matasanmu suka kawo, wato a kwashi yara a hutun makaranta a kai su bakin ruwa, su shiga kwale-kwale, a kafa tanti a kwana. To, mun duba, kuma ba mu ƙi ba. Yaranmu da aka haifa a nan Abuja, wani bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na famfo ba, alhali da yawanmu a bakin gulbi muka tashi, wasu a Yawuri, wasu a Argungu. Sai dai maganar tana da sharuɗɗa.

Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano ba. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ɗauke da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya yi yawa. Kwale-kwale kuwa ba motar haya ba ce da za a ce a matsa a ƙara mutum ɗaya, don da zarar bakinsa ya kusa taɓa ruwa, yaro guda ya miƙe tsaye ya isa ya kifar da shi.

Saboda haka duk yaron da zai shiga sai da rigar kariya daidai jikinsa. Muna nanata daidai jikinsa, domin rigar babba in aka sa wa ɗan shekara 5, da ya faɗa ruwa sai ta sulɓe ta kansa ta bar shi. A ɗaure ta, a kama kafaɗunta a ɗaga sama. In ta hau har kunnuwa, ta yi masa yawa. Kowane ƙaramin yaro da babba guda a kusa da shi, yadda hannu zai kai. Abin da matuƙi ya ce shi ke nan, ko da Alhaji ne ya biya kuɗin. Kafin magariba kowa ya fito.

Game da wuri, mun fi natsuwa da tafkin Jabi, ruwansa a kwance yake, ga shi cikin gari kusa da asibiti. Madatsar Usuma ta wajen Ushafa ruwan shan birni ce, ba a shiga sai da izini. Gurara ta hanyar Suleja zuwa Minna wurin kallo ne kawai, da damina ma ko kusa kada a kai yaro.

Batun kwana, iyaye mata sun nuna damuwa, kuma suna da gaskiya. Bakin ruwa matattarar sauro ce, ga tsargiya ga yaron da ya yi wanka a ruwan da ba ya gudu. Shawararmu, bana a je da hantsi a dawo bayan la'asar, a kafa tantin a filin makarantar Islamiyyarmu, da gidan sauro da barguna saboda sanyin hunturu.

Mai son ɗansa ya je sai ya ba sakatare sunan yaron da shekarunsa, don a san girman rigar da za a nemo masa.