Ina Masu Sana'ar Hannu Suka Shiga?



Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, iyayenmu suka koyi gyaran inji, walda da kafinta. Yau fa? Mai neman birkila sai ya yi jira. Yaranmu sun bar koyon aiki sun hau acaɓa, don can kullum akwai na cefane.

To, laifin wa? Mu ne muke riƙe yaro shekara biyar ba ko kuɗin sabulu. A 2024 gwamnati ta tsayar da mafi ƙanƙancin albashi naira 70,000, amma yaron gareji bai gani a ƙasa ba.

Jama'a, mu riƙa sallamar yaran nan da abin kirki, mu biya magini haƙƙinsa a kan kari. Allah ya ba mu ikon gyarawa.